JANAR GURO: DAGA RIJIYOYIN ADAR ZUWA FAGEN SHAMPANYE

Cikin watan Oktoba na shekara ta 2024, hukumomi a birnin Yamai suka sake wa waɗansu manyan tituna da dandaloli suna. Titin Janar De Gol ya koma titin Jibo Bakari, aka kuma kawar da siffar Komandan Monteil daga jikin dutsen tunawa, aka sa ta Toma Sankara a gurbinta. Wannan ya biyo bayan fitar sojojin Faransa daga Nijar a watan Disamba na 2023, da ta sojojin Amurka a 2024. Tun daga lokacin jama'a suka shiga waiwayen zamanin zuwan Nasara, ana tambaya su wane ne hafsoshin da suka ci ƙasar nan da yaƙi, da wace dabara suka ci ta, kuma me ya rage na aikinsu.

A jihar Tawa, sunan da ya kamata a fara da shi shi ne na Henri Gouraud, wanda ake furtawa Guro. A Faransa ana lissafa shi cikin manyan janarorin Yaƙin Duniya na Farko. Akwai dandali mai sunansa a Paris, akwai titi mai sunansa a Bairut. Amma kafin duniya ta san shi, ya yi zama a ƙasar Adar yana komandan, ya auna rijiyoyinta, ya yaƙi mahayanta. Kankare suna daga jikin allo aikin yini ɗaya ne. Sanin yadda mai sunan ya yi nasara, da abin da nasarar ta ci wa talakawa, shi ne abin da zai amfani mai mulki da mai karatu.

SOJAN RUWA A ƘASAR DA BA TA DA TEKU

Tsakanin Tawa da bakin teku mafi kusa akwai kusan kilomita 1000. Duk da haka, da yawa daga cikin hafsoshin da suka kafa mulkin Faransa a nan alamar anga ce a hularsu, wato ƙarfen nan da ake jefawa cikin ruwa don tsayar da jirgi. Dalili kuwa shi ne tun shekara ta 1622 Faransa ta kafa wata runduna ta sojan ƙasa masu shiga jiragen ruwa, su tsare tashoshi, in ta kama su sauka tudu su yi yaƙi. Da mallakar Faransa ta yaɗu a ƙetare, sai aka danƙa wa wannan runduna tsaron ƙasashen da aka kama, a ƙarƙashin ma'aikatar jiragen ruwa. Ran 7 ga watan Yuli 1900 aka yi doka, aka mai da ita hannun ma'aikatar yaƙi, aka sa mata suna rundunar ƙasashen mallaka, sai a 1961 ta koma sunanta na sojan ruwa. Hafsoshinta Turawa ne. Masu riƙe da bindiga kuwa mafi yawansu ƴan Afirka ne, waɗanda Faransawa ke kira tirayer na Senegal, ko da Bambara ne ko Mosi. Shi kansa Monteil da aka kawar da siffarsa ɗan wannan runduna ne.

An haifi Guro a Paris ran 17 ga watan Nuwamba 1867. Ya fito daga makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr a 1890, ya fara aiki cikin sojan ƙasa a gabashin Faransa. A 1894 aka tura shi Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, kuma daga nan rayuwarsa ta haɗu da ta wannan runduna, har ya kai ga shugabancin babban rukuninta a fagen daga a 1915.

Abin da ya fara fito da sunansa shi ne kama Almami Samori Ture. Samori ya yi kimanin shekara 16 yana gwabzawa da Faransawa. Ran 29 ga watan Satumba 1898, Guro yana kapitan, da ƴar ƙaramar runduna, ya bi sawun jama'ar Samori ta cikin kurmi, ya faɗa wa sansaninsa a Gelemu, yammacin Kodebuwa ta yau, ba zato ba tsammani, ya kama shi ba tare da an yi wani gumurzu ba. Aka kai Samori Gabon, can ya rasu a 1900. Tun a wannan aiki aka ga halin Guro na soja: ya fi dogara ga samun labari da saurin tafiya bisa ga yawan mutane.

ME YA KAWO SU TAWA

Ran 14 ga watan Yuni 1898, Faransa da Ingila suka sa hannu kan yarjejeniyar raba ƙasa. Aka dasa tsinin alƙalami a kan Sakkwato, aka zana rabin da'ira mai nisan mil 100, wato wajen kilomita 160, aka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Ta haka Birnin Ƙonni da ƙasashe masu ruwa da hatsi suka faɗa ɓangaren Ingila. Faransa kuwa tana bukatar hanya daga kogin Kwara zuwa Damagaram da tafkin Cadi, ga shi ba ta da ikon bi ta kudu. Sai ta kewaya ta arewa, ta Filinge da Tawa, inda rijiyoyi ke nesa da juna, ayari ya kwana biyu ko uku bai ga ruwa ba.

A shekara ta 1900 aka ƙirƙiro abin da aka kira Yankin Soja na Uku, mai hedkwata a Damagaram, aka ba Laftanan-Kanal Peroz, hafsan sojan ruwa, shugabancinsa. Komandan Guro ya zama na hannun damansa. Tsakanin ƙarshen 1900 da farkon 1901 aka kafa bariki a Tawa, wadda asalinta ƙauyuka biyu ne, Bilbis da Fakawa. Aikin barikin shi ne tsaron hanya: a san kowace rijiya da zurfinta da yawan raƙuman da za ta iya shayarwa, a tara hatsi, a samo dabbobin kaya, a hana kowa tare ayarin da ke kai harsashi da abinci gabas.

Ƙasar da suka tarar ba a dunƙule take ba. Kamar yadda Farfesa Jibo Hamani ya bayyana a littafinsa na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa, sarautar Adar ta samo asali ne daga Agabba, ɗan Sarkin Agadas, a ƙarshen ƙarni na 17. Amma a ƙarni na 19 iko ya rarrabu. Sarkin Adar yana Illela. Abzinawan Kel Gres sun riƙe kudu da gabas, wajen Madawa, suna da raƙuma dubbai da fataucin gishirin Bilma. Iwillimidan na Kel Dinnik sun riƙe arewa, daga Azawak suna saukowa. Lisawan suna tsakiya, wajen Tamaske da Keita. Sakkwato kuma tana da nata da'awar. Manomi Ba'adare yakan ba da hatsi ga iyayengiji fiye da ɗaya don ya kwana lafiya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Lisawan suka ga gara su sasanta da baƙi da wuri, suka kuwa sami sarautar kanto a ƙarƙashinsu. Waɗansu garuruwan manoma suka yi shiru, suna jiran su ga wanda zai rinjaya.

Akwai kuma tsoro. A 1899, shekara biyu kacal kafin wannan, rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ta kudu, ta yaƙi Sarauniya a Lugu, ta ƙone Birnin Ƙonni, ta bar gawawwaki a rijiyoyi da bishiyoyi. Labarin ya riga Peroz da Guro isowa Adar. Su ba su bi tafarkin waɗancan na kisan kan mai uwa da wabi ba, amma sun ci moriyar firgicin da aka shuka, kuma manufar ɗaya ce: a mallaki ƙasa.

ZANGEBE DA GALMA

Kel Gres ne suka fara ƙin yarda. Sun gane cewa wanda ya riƙe rijiyoyi da hanya, ya kuma sami ikon ƙwace raƙuma duk sa'ad da ya so, ya riƙe arzikinsu gaba ɗaya. Aka yi karon farko a Zangebe cikin watan Afrilu 1901, na biyu kuma mafi girma a Galma, kusa da Madawa, cikin watan Yuni na wannan shekara, da sojojin da ke ƙarƙashin Guro.

Yadda irin wannan yaƙi ke gudana sananne ne. Tirayer sukan tsaya sahu huɗu suna fuskantar kowace kusurwa, kaya da dabbobi a tsakiya, bindigogi masu cin harsashi da yawa a hannu. Abzinawa kuma su taho a guje, bisa dawaki da raƙuma da ƙasa, da takobi da mashi da garkuwar fata. Sharaɗin nasara ga mai sahu huɗu shi ne haƙuri: kada ya buɗe wuta da wuri, kada sahu ya tsinke, ya bar abokin gaba ya kawo kansa bakin bindiga. Jaruntakar Kel Gres ba ta da shakka, su kansu Faransawa sun shaide ta a rubuce-rubucensu. Amma takobi ba ya isa inda harsashi ke isa. Aka kashe mayaƙa da yawa, kuma kafin shekarar ta ƙare shugabanninsu suka miƙa wuya. Kel Dinnik ma suka sasanta, ko da yake zuciya ba ta kwanta ba.

Mai lura zai ga abubuwa uku cikin aikin Guro a Adar. Na farko, ba ya motsawa sai ya sami labari, ta bakin ƴan rakiya da fatake da tafintoci. Na biyu, ruwa da abinci su ne farkon lissafinsa, domin a ƙasar nan ƙishirwa ta fi mashi kashe soja. Na uku, yakan zaɓi filin da zai tsaya, ya bar abokin gaba ya gaji da kawo hari. Waɗannan halaye uku za a sake ganin su bayan shekara 17, a fagen da ya fi Galma girma nesa ba kusa ba.

Abin mamaki shi ne hanyar da aka zubar da jini saboda ita ba ta daɗe tana da wannan muhimmanci ba. A yarjejeniyar 8 ga watan Afrilu 1904, da wadda ta biyo baya a 1906, Ingila ta yarda aka ja iyaka kudu, Ƙonni da Maraɗi suka dawo ɓangaren Faransa, ayari ya sami hanya mai ruwa. Abin da aka kasa samu da bindiga a Adar, an same shi da alƙalami a Landan. Bariki dai ya zauna, Tawa ta zama babban garin mulki, haka take har yau.

CADI, MURITANIYA, MAROKO, DARDANEL

Daga Nijar Guro ya ci gaba da hawa. Ya shugabanci yankin Cadi daga 1904 zuwa 1906. Ya zama kanal, aka ba shi Muritaniya, inda ya jagoranci yaƙin Adrar, ya shiga garin Atar a watan Janairu 1909. A Maroko, a 1912, shi ya kori mayaƙan ƙabilun da suka kewaye birnin Fas, a ƙarƙashin Janar Lyautey. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, ya koma Faransa yana janar mai shekara 46, da ƙwarewar shekara 20 ta yaƙin Afirka.

A farkon 1915 ya riƙe rukunin sojan ƙasashen mallaka a Shampanye, gabashin Faransa. A watan Mayu aka tura shi mashigin Dardanel, a ƙasar Turkiyya, ya karɓi rundunar Faransa da ke yaƙi tare da ta Ingila a Galipoli, cikinta har da bataliyoyin tirayer. A nan dabarar Adar ba ta yi aiki ba, domin Turkawa ne ke bisa tudu cikin ramuka, Faransawa ne ke kawo kansu bakin wuta. Aka yi ta kai hari ana asarar rayuka, ƙasar da ake ci ba ta taka kara ta karya ba. Ran 30 ga watan Yuni 1915 harsashin igwa ya fashe kusa da shi, ya karya masa ƙafafu, aka kuma yanke masa hannun dama. Duk da haka kafin ƙarshen shekarar ya koma bakin aiki, aka ba shi Runduna ta Huɗu. Daga Disamba 1916 zuwa farkon 1917 ya riƙe Maroko a madadin Lyautey, sa'an nan ya dawo wa rundunarsa.

DAREN 15 GA WATAN YULI 1918

Ranar da ta ɗaukaka sunansa ita ce 15 ga watan Yuli 1918. Jamus ta shirya babban harinta na ƙarshe, gabas da yamma da birnin Reims, da niyyar karya Faransa kafin sojojin Amurka su cika fage. Gabashin Reims kuwa hannun Guro yake.

Tun a ƙarshen 1917 Janar Petain ya ba da umurni a daina cusa sojoji cikin ramukan gaba, inda igwar abokan gaba ke niƙe su tun kafin a fara yaƙi. Janarori da yawa suka ƙi, suna ganin barin ko taƙi ɗaya na ƙasar Faransa abin kunya ne. Wanda ya ƙi a watan Mayu 1918, a Chemin des Dames, ya ga sakamako: aka ratsa rundunarsa cikin yini guda. Guro ya karɓi umurnin, ya aikata shi sosai. Ya janye yawancin mutanensa baya da ƴan kilomitoci, ya bar ƙananan ƙungiyoyi a gaba don su ba da ishara su kuma rage wa masu hari sauri. Da maraicen 14 ga wata ya tura ƴan sari-ka-noƙe suka kamo fursunoni, daga bakinsu aka ji sa'ar da Jamusawa za su buɗe wuta. Igwogin Faransa suka riga su, suka sauka kan sojojin da suka taru suna jiran umurni. Da gari ya waye Jamusawa suka zubar da harsashinsu kan ramukan da ba kowa, suka taho a gajiye, suka ci karo da sahun gaskiya da bai taɓu ba. Kafin rana ta faɗi harin ya tsaya. Bayan kwana uku, ran 18 ga wata, Faransa da ƙawayenta suka juya da nasu harin, kuma daga ranar Jamus ba ta sake matsawa gaba ba.

Labari kafin motsi, tanadin kayan yaƙi, barin abokin gaba ya kawo kansa: darasin Galma ke nan, an faɗaɗa shi. Sai dai a tuna cewa waɗanda aka bari a ramukan gaba an san da yawansu ba za su dawo ba. Tattalin ran soja a wurin janar lissafi ne, a ba da kaɗan don a tsirar da masu yawa.

A wannan runduna akwai Amurkawa. Akwai rejimanti ta 369, ta baƙaƙen fata daga birnin New York, waɗanda hukumar sojan ƙasarsu ta ƙi haɗa su da farare, ta miƙa su ga Faransa. A watan Oktoba kuma aka kawo wa Guro Rukuni na Biyu na sojan Amurka, a ƙarƙashin Janar John Lejeune, hafsan sojan ruwa masu yaƙi a tudu. Lejeune ya nemi kada a rarraba mutanensa cikin rundunonin Faransa, ya ɗauki alkawarin in an bar su a dunƙule za su ƙwace tudun Blanc Mont, wanda Jamusawa suka riƙe tun 1914. Guro ya yarda. Ran 3 ga watan Oktoba suka hau tudun, da asarar rayuka mai yawa, Jamusawa suka ja da baya daga gaban Reims. Wannan ma hali ne na shugaba: ya san lokacin da zai saurari na ƙasa da shi, ko da baƙo ne. Lejeune ya shugabanci dukan rundunarsu daga 1920 zuwa 1929. Guro kuwa ya shiga birnin Strasbur ran 22 ga watan Nuwamba 1918, jama'a na yi masa guɗa.

ABIN DA ADAR TA BIYA

Sa'ad da ake wannan a Turai, Adar tana ɗauke da nata kayan. Mulkin da aka kafa a 1901 ya zo da bodo, da ƙwace raƙuma da jakuna don sufuri, da ɗaukar kaya a ka, da aikin dole. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta tarar da rumbuna ba su da ajiya. Ana cikin farfaɗowa sai aka zo neman samari don yaƙin Turai. Daga Afirka baƙar fata Faransa ta ɗebi kusan mutum 200,000, kimanin 30,000 ba su dawo ba. Magidanta da yawa a ƙasashen bakin iyaka suka tsallaka Najeriya don guje wa haraji da ɗibar soja.

A 1916 Firhun, shugaban Iwillimidan na yamma, ya tayar, aka kai hari Filinge. A watan Disamba na wannan shekara Kawusan ya kewaye barikin Agadas, sai a watan Maris 1917 aka fasa kewayen. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni. A Tanut ta Azawak, arewa da Tawa, aka hallaka manyan Kel Dinnik da dama a 1917. Guro ba ya ƙasar a lokacin, ba da hannunsa aka yi ba. Amma ginin da ya taimaka aka aza ne ya rufto a kan mutane. Miƙa wuyan 1901 bai zama yarda ba, shi ya sa bayan shekara 15 aka sake komawa fage.

SHAM, DA ƘARSHEN TAFIYA

A 1919 aka naɗa shi babban wakilin Faransa a Siriya da Labanan. Larabawa sun naɗa Faisal sarki a Dimashƙa a watan Maris 1920, bisa alkawarin ƴanci da suke ganin an yi musu lokacin yaƙi. Guro ya aika masa da wa'adi, sa'an nan ya tura runduna. Ran 24 ga watan Yuli 1920 aka karya sojan Siriya a Maisalun, ministan yaƙinsu Yusuf al-Azma ya faɗi a fage. Ran 1 ga watan Satumba Guro ya shelanta kafa Babbar Labanan, sauran ƙasar kuma aka yanka ta ƙananan hukumomi bisa ga yanki da aƙida. A 1921 aka yi yunƙurin kashe shi a hanyar Kunaitra. Bayan ya bar Sham, babban tawaye ya tashi a 1925.

Daga 1923 zuwa 1937 shi ne gwamnan soja na Paris. A ƙarshen rayuwarsa ya rubuta littattafan tunawa, ɗaya daga cikinsu mai suna Zinder-Tchad, wanda ya fito a 1944, a ciki ya ba da labarin zamansa a ƙasar nan. Ya rasu ran 16 ga watan Satumba 1946, aka binne shi a Navarin, cikin Shampanye, tsakanin ƙasusuwan sojojinsa. A watan Afrilu na shekarar nan ne sojan Faransa na ƙarshe ya bar Siriya, a cikinsa ne kuma majalisar Faransa ta soke aikin dole a ƙasashen mallaka, bisa dokar da ake kira da sunan Houphouët-Boigny.

AWO DA MUDU BIYU

Janar yana da littafin lissafi biyu: na waɗanda ya jagoranta, da na waɗanda aka tura shi kansu. A na farko Guro ya cika mudu. Ya san aikinsa, ya kula da cin sojansa da shansu, ya ba da hannunsa a fage, ya kare ƙasarsa daga mamaya a ranar da ta fi bukatarsa. A na biyu, mutumin da ya hana Jamus taka Shampanye shi ne ya taka Adar da Adrar da Fas da Dimashƙa, bai kuma ga saɓani tsakanin biyun ba. Wanda ya karanta littafi ɗaya ya bar ɗaya bai san mutumin ba.

Akwai kuma abin da tarihinsa ke nunawa game da iyakar ƙarfin soja. Inda ya yi yaƙi a ƙasarsa, jama'a na bayansa, nasararsa ta tabbata. Inda ya yi yaƙi a ƙasar wasu, ya ci kowane karo, amma kowace nasara ta bukaci a sake ta: Galma ta haifi Tanut, Maisalun ta haifi tawayen 1925. Ƙwarewar ɗaya ce a duka wuraren. Yardar mutanen ƙasa ce ta bambanta.

Wannan magana ta shafi arewacin Tawa kai tsaye. A watan Oktoba 2016 aka kashe sojoji 22 a Tazalit. Ran 21 ga watan Maris 2021 ƴan bindiga suka faɗa wa zangunan Intazayan da Bakorat da Wistan, a yankin Tiliya, gwamnati ta ƙirga mutum 137 da suka rasu. A watan Oktoba 2023 sojoji 29 suka kwanta dama a Tabatol, kusa da iyakar Mali. Masu tsaron ƙasa a waɗannan wurare ƴan ƙasa ne, suna kare iyayensu, wannan kuwa babban bambanci ne da 1901. Amma ƙasar ba ta sake ba. Nisa yana nan, rijiya tana nesa da rijiya, iyaka layi ce da aka zana a Turai, kuma har yanzu wanda ya riga samun labari shi ke da rinjaye. Labarin kuwa yana bakin makiyayi da mai jan ruwa da direban mota, ba sa ba da shi sai ga wanda suka amince da shi. Makiyayin da aka ƙwace wa dabba ba bisa ƙa'ida ba, ko aka tuhume shi saboda harshensa, zai ga ƙura ta taso ya yi shiru.

Jihar ta taɓa ganin hanya ta biyu. Bayan abin da ya faru a Cintabaradan a 1990 da tawayen da ya biyo baya, sulhun 24 ga watan Afrilu 1995 ne ya kwantar da ƙura. Aikin raya ƙasa na Keita, da aka fara a 1984, ya nuna cewa madatsar ruwa da gyaran fako suna riƙe matashi a garinsu. Gwamna da farfe da sarki da hafsa, kowanne yana da rabonsa a nan: tsare rijiya, yin adalci tsakanin manomi da makiyayi, biyan abin da aka karɓa, saurin amsa kira in an kawo labari.

Saura aiki ɗaya da ke kan malamai. Abin da aka sani game da Zangebe da Galma, mafi yawansa daga alƙalamin waɗanda suka yi nasara ya fito. Zuriyar waɗanda suka faɗi suna nan a ƙasar Madawa da Buza da Abalak, dattawansu suna riƙe da sunaye da wuraren da aka yi artabu, amma kowace shekara suna raguwa. Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa da cibiyar binciken IRSH ta Yamai suna da masu iya wannan aiki. In aka naɗi muryoyin nan, aka rubuta su da Hausa da Tamashek, aka kai su azuzuwan yaƙi da jahilci, to yaron Adar zai karanta labarin 1901 daga bakin kakanninsa, ya aza shi kusa da na Guro, ya auna da kansa.